Yadda Ake Kula da Haƙoran Yaro, Daga Fitowarsu Zuwa Famfara

"Rabu da shi, ai zai famfare." Amsar da za ka samu ke nan a yawancin gidajenmu idan ka nuna wa uwa ko kaka baƙin ɗigo a haƙorin ɗan shekara uku. Gaskiya ne zai famfare, amma sai yaushe? Turamen yarinta ba sa faɗuwa sai yaro ya kai shekara 10 zuwa 12. Haƙorin da ya fara kogo a shekara uku yana iya shafe shekara bakwai yana hana yaro barci da tauna. Kuma haƙoran nan guda 20 su ne ke riƙe wa na girma gurbi. Idan aka cire ɗaya tun lokacinsa bai yi ba, na gefensa sai su matso su toshe wurin, mai zuwa ya rasa hanya ya fito a karkace.

Ana fara aikin tun baki yana dasashi zalla. A samu ƙyalle mai laushi, a ware shi don wannan kaɗai, a jiƙa da ruwan da aka tafasa ya huce, a naɗa a yatsa, a share dasashin jariri sau ɗaya ko biyu a rana. Amfaninsa biyu ne: yana kwashe ragowar nono, yana kuma saba wa yaro da a taɓa masa baki, abin da za a ji daɗinsa ranar da burushi ya shigo. A daina tauna wa yaro abinci, a daina lasar cokalinsa, domin ƙwayoyin cutar da ke cin haƙori ta miyan manya suke shiga bakinsa.

Wajen wata shida haƙoran gaba na ƙasa guda biyu sukan ɓullo. Wani yaron yakan riga haka, wani sai ya kusa shekara, duk ba abin damuwa ba ne. Zuwa shekara biyu da rabi ko uku sun cika ashirin. Alamun fitowarsu sanannu ne: dalalar miyau, ƙaiƙayin dasashi, rigima, da kai duk abin da ya samu baki. Maganinsu a wanke hannu a murza masa dasashin a hankali, ko a ba shi cokali mai sanyi ya ciza. Kada a shafa zuma, domin zuma ba ta dace da jaririn da bai kai shekara ba.

A nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane tsada. Yaro yana zawo, jikinsa ya yi rau, sai a ce "haƙori ne," a zauna ana jira ya fito. Haƙori ba ya sa zawo, ba ya kuma kawo zazzaɓi mai zafi. Abin da ke faruwa shi ne lokacin ya zo daidai da fara rarrafe, da cin ƙasa, da fara shan koko da kunu, da kuma raguwar kariyar da ya samo daga jikin uwarsa. Idan zafin jiki ya kai 38 a ma'auni, a je a gwada jini ko maleriya ce. Idan zawo ne, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a tafi asibiti. Shi kuwa "maganin haƙori" na kwalba da ake saye a kemis, wanda ya san abin da ya faru a ƙarshen 2008 ba zai yi marmarinsa ba. Wani mai suna My Pikin ya gurɓata da sinadari irin wanda ake sawa a man birki, ya lalata ƙodar jarirai a Legas da Ibadan da Zariya, hukuma ta ƙirga yara 84 da suka rasu. Magani aka ba su don abin da ba ciwo ba.

Ranar da haƙorin farko ya fito, ranar ake sayen burushi: na yara, mai ƙaramin kai, mai gashi mai laushi. Kowane yaro da nasa, a sa alama don kada su yi musaya. Sai makilin mai sinadarin fuloraid. A juya bayan kwalin a duba, za a ga lamba da haruffan ppm. A zaɓi wanda ya kai 1000, na manya yawanci 1450 ne. Wanda bai kai shekara uku ba, a shafa masa kwatankwacin ƙwayar shinkafa. Daga uku zuwa shida, kwatankwacin ƙwayar wake ƙarama. Cika burushi daga kai zuwa gindi da ake nunawa a talla, mai sayar da makilin kaɗai yake amfana.

Ga yadda ake gogewar. Uwa ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, ta kwantar da kan yaron a cinyarta, fuskarsa na kallon sama. A haka tana ganin cikin bakin duka, hannunta ɗaya yana ɗaga leɓe, ɗayan yana aiki. Wadda ta tsaya a gaban yaro tana cewa "buɗe baki" ba ta ganin komai sai haƙoran gaba. A ɗora gashin burushi a karkace daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi, domin nan ne dauɗa take taruwa, a riƙa ɗan zagayawa a hankali, haƙori biyu-biyu. A fara daga turmin ƙarshe na sama ta gefen kunci, a bi layi har ɗaya ɓangaren, a dawo ta ciki, gefen harshe, sannan a goge saman turame inda ake tauna. A sauko ƙasa a maimaita. A bi tsari ɗaya kullum, don kada a riƙa tsallake wuri guda ba a sani ba. Minti biyu ya isa. Ba ƙarfi ake so ba. Dauɗar laushi gare ta, kuma burushin da gashinsa ya baje cikin sati biyu shaida ce ana dirza fiye da kima. Bisa ƙa'ida wata uku yake yi a sauya.

Idan an gama, yaro ya tofar, amma kada ya kuskure baki da ruwa. Wannan yakan yi wa mutane bambaraƙwai, amma ɗan abin da ya rage na makilin shi ne ke zama yana ƙarfafa haƙorin; wanda ya kuskure ya zubar da abin da ya saya.

Sau biyu ake yi a rana, kuma idan dole ɗaya ce za ta samu, to ta dare ce. Mu da safe muka saba wanke baki, don kada a ji wari wajen gaisuwa. Amma cikin barci miyau yana raguwa, shi kuwa miyau shi ne ke wanke baki yana kashe kaifin asid. Yaron da ya kwanta da tuwo da shayi a haƙoransa ya ba ƙwayoyin cuta dare guda suna aiki babu mai hana su. Bayan gogewar dare babu abin da zai sake shiga baki sai ruwa. Fida mai madara da sukari da ake maƙala wa yaro don ya yi barci ita ce ke cinye haƙoran gaba na sama, su yi baƙi su guntule tun bai shiga makaranta ba.

Yaro zai ce shi zai yi da kansa. A bar shi ya fara, amma babba ya ƙarasa, har sai ya kai shekara bakwai ko takwas, domin kafin nan hannunsa bai iya ba. Kuma ba aikin uwa kaɗai ba ne. Maigidan da ya dawo daga sallar isha'i zai iya ɗaukar yara biyu, uwar ta ɗauki biyu. Yaro zai yi kuka a makon farko. Mai kuka ma bakinsa a buɗe yake, a yi a gama, a yaba masa.

To ina aswaki? Yana nan daram. Sunna ce da aka kwaɗaitar da ita, kuma yana cire dauɗa sosai idan an iya. A yanke tsawon taƙi, a fere ɓawon kansa kamar gaɓar yatsa, a jiƙa idan ya bushe, a tauna har ya yi gashi, a riƙa gogawa daga dasashi zuwa bakin haƙori, ba a kwance kamar mai zarto ba. A riƙa datse kan da ya tsufa. Reshen darbejiya ma yana yi. Raunin aswaki shi ne ba ya kaiwa bayan turame ta ciki da sauƙi. A ganina a haɗa su: aswaki da rana wajen alwala, burushi da makilin safe da dare. Ƙaramin yaro kada a bar shi yana gudu da ice a baki. Gawayi da toka da gishiri kuwa suna sa haƙori haske na ɗan lokaci ne ta hanyar kankare rufinsa, kuma rufin haƙori idan ya tafi ba ya dawowa.

Babu wata tsutsa a cikin haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukari su fitar da asid, asid ɗin ya yi kusan rabin awa yana narkar da haƙori bayan kowane ɗanɗanon zaƙi. Ke nan yawan maimaitawa ya fi yawan abin illa. Yaron da ya cinye alawa biyar a zama ɗaya bayan abinci ya fi wanda ya tsotsi ɗaya-ɗaya tun safe har magariba tsira. Ba a ce a hana gullisuwa da tuwon madara da iloka ba, wa zai iya? A haɗa su da lokacin abinci, a bi da ruwa. A kuma lura da wanda ake sha: lemon kwalba, zoɓo, yogot, da shayin da aka zuba wa cokali huɗu. Kuɗin tara na makaranta, idan da hali, ya tafi ga gyaɗa ko ƙwai ko ayaba.

Sau ɗaya a wata a fita da yaro haske a ɗaga leɓensa a duba. Fari-fari kamar alli a gindin haƙori shi ne farkon kogo, kuma a wannan matakin ana iya tsayar da shi. Dasashi mai jini wajen gogewa ba dalilin dainawa ba ne, dauɗa ce ta kumbura shi. Amma idan yaro ɗan shekara biyu zuwa shida ya rame, ko bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba, sai ga gyambo a dasashi da wari mai ƙarfi da kumburin kunci, wannan ba na kwana ba ne. Haka cutar noma take farawa, kuma cikin 'yan kwanaki take cin fuska. A farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman dominta tun 1999, kuma a Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su.

Ba kowane canjin launi ne ƙazanta ba. Kafson tetarasaikilin da ake ɓarewa a zuba wa yara don zawo yana rina haƙoran da ke cikin dasashi har abada, shi ya sa ba a ba wanda bai kai shekara takwas ba, ko mai ciki. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse kuma fuloraid ɗinsa ya wuce kima. Mutanen Tibiri ta jihar Maraɗi sun ga yadda ya ɓata haƙora da ƙasusuwan 'ya'yansu. Idan yaran unguwa duka haƙoransu sun yi ja iri ɗaya, ruwan ya kamata a gwada.

A wajen shekara shida famfara take farawa, kuma a daidai lokacin wani abu yana faruwa da iyaye ba sa lura. Turame huɗu na girma suna fitowa can bayan na yarinta, ba tare da wani ya faɗi ba. Hankali yana kan giɓin gaba, ana ta tsokanar yaro, su kuwa ana ɗauka na yarinta ne. Su ne haƙoran da aka fi rasawa, alhali babu waɗanda za su maye gurbinsu. A kai burushi kansu da gangan. Haƙorin da ke girgiɗi a bar shi ya faɗi da kansa. Idan kuma na girma ne ya fita wajen ƙwallo ko faɗuwa daga keke, a ɗauke shi ta kai, kada a taɓa saiwar, a ɗauraye, a mayar da shi gurbinsa ko a jefa a kofin madara, a isa wurin likita cikin awa ɗaya. Na yarinta ba a mayar da shi.

Saura zuwa asibiti. Manyan asibitoci irin su na koyarwa na Aminu Kano, da na Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo duk suna da sashen haƙori. A kai yaro tun ba ya ciwo, da ya shekara ɗaya, ya hau kujera a ƙirga masa haƙora ya sauka lafiya. Wanda zuwansa na farko da kumburarren kunci ne, har ya tsufa yana tsoron wurin. A je da safe, ya yi barci ya karya. Kada a ce masa "ba zafi," domin ka riga ka sanar da shi akwai zafi; a ce likita zai duba haƙoransa. A daina yi wa yara barazana da allura. Ƙarami ya zauna a cinyar uwarsa. A roƙi likita ya nuna masa madubi da sauran kayan kafin ya sa a baki, a kuma yi yarjejeniya cewa idan ya ɗaga hannu za a dakata. Kogo ƙarami ciko ake yi masa, ba sai an cire ba.

Idan ciwo ya taso cikin dare, a ba da farasitamol daidai da shekarun yaro, wanda ya iya tofarwa ya kuskure da ruwan ɗumi da gishiri. Kada a danna asfirin a dasashi, yana ƙona shi. Balle ruwan batir ko fetur ko taba da wasu ke ɗigawa. Lafawar zafi ba warkewa ba ce, da gari ya waye a nemi likita. In kumburi ya kai ido ko ƙarƙashin haɓa, ko haɗiya ta gagara, kada a jira wayewar garin ma.

Mai karatu, yau bayan isha'i ka kira ɗanka mai shekara shida ko bakwai, ka haska bakinsa da fitilar waya, ka ƙirga turame daga gaba zuwa baya. In ka ga na uku a kowane gefe, wannan ba zai famfare ba.