Amsar Tambaya: Labarin Aljanu Nake Son Rubutawa

Wani matashi daga Icirnawa ya tambaya: abokansa soyayya suke karantawa, shi kuwa labarin aljanu da jarumai yake son rubutawa. Ya haƙura?

Ƙanena, kada ka haƙura, hanyar nan tsohuwa ce. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara tun gasar rubutun littattafan Hausa ta 1933 suka fito, har gobe ana karanta su. Abin da ke gundurata shi ne jaruman Bagadaza da Misra da marubutan Kano suka cika aro. Ƙasarku ta Damagaram ba ta rasa kayan aiki ba: zamanin Sarki Tanimun, fataken Agadas, Dodo, iskokin bori. Sihirinka ya kasance da ƙa'ida da farashi, don jarumin da ba ya faɗuwa barci yake sawa. Rubuta babi guda, ka karanta wa 'yan fadarku da dare, ka lura da inda suka koma kan wayoyinsu. Nan za ka gyara.