Darasi: kalmar "limit" a bakin hanya

Daga tashar Wadata ta Yamai, motoci suna tashi zuwa Doso, Dogondutsi da Birnin Ƙonni. Matafiyin da ya ƙetare iyaka ya shiga Illela, ya bar Faransanci a baya. Allunan hanyar Sakkwato da Ingilishi aka rubuta su.

A cikinsu akwai kalmar limit. Ma'anarta a sa wa abu iyaka, a ƙayyade shi. Faransanci ma yana da ƴar'uwarta, limiter. Wanda ya yi lakkol ba zai sha wuya ba.

Wasu suna zaton limit hani ne. Ba haka ba ne. Stop shi ne tsaya cak. Limit kuwa ya bar mutum ya yi, amma da ma'auni. In likita ya ce "Limit salt", bai ce a daina cin gishiri ba. A rage ne zuwa gwargwadon da ya faɗa. In allo ya ce "Speed limit 50", direba ya ci gaba da tafiya, sai dai kada ya wuce kilomita 50 a awa.

Wanda ya wuce lambar, ma'aikatan kiyaye haɗurra na Najeriya suna cin shi tara. A 2017 suka fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu.

In an riga an sa iyakar, sai a ce limited.

Aiki: malamin cibiya ya rubuta "Limit your speed" a allo, ɗalibai su faɗa da Hausa.