Wasiyyi Zai Iya Sayen Gonar Marayu?

Tambaya: Ni ne wasiyyin 'ya'yan marigayi wana a Gwaram. Za a sayar da gonarsu. Ya halatta in saya? Daga mai karatu, Birnin Kudu.

Amsa: Malam, ka janye hannunka. Mai sayarwa tsada yake nema, mai saye kuwa araha, kuma kai kaɗai ba za ka riƙe biyun da adalci ba. Malaman Malikiyya sun karhanta wa wasiyyi sayen kayan marayunsa. In ya saya, alƙali zai binciki cinikin. Kotun Ingila ma, a shari'ar Keech da Sandford ta 1726, ta hana amintacce cin riba da amanarsa. Ka je kotun shari'a, a kimanta gonar, a sayar wa wani gaban shaidu, ka rubuta kowane kobo.