Yadda Sankarar Mama Ke Barin Mazauninta Ta Yaɗu a Jiki

Yawancin sankarar mama tana farawa ne daga ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe a cikin hanyoyin ruwan nono. A ƙarƙashinsu akwai wani siririn tantani da aka saƙa da furotin, galibi kolajin. Muddin ƙwayoyin da suka lalace ba su keta wannan tantani ba, ciwon yana wuri guda, kuma tiyata kan iya raba mace da shi. Abin da ke kashe mafi yawan masu cutar shi ne yaɗuwarta zuwa ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa.

Matakin farko shi ne rabuwa da maƙwabta. Lafiyayyun ƙwayoyi suna manne da juna ta hanyar wani furotin mai suna E-kadarin. Saƙonni irin su TGF-beta sukan tayar da wasu furotin, Snail da Twist da ZEB1, waɗanda ke rufe ƙwayar gadon da ke sarrafa E-kadarin. Sai ƙwayar ta saki 'yan'uwanta, ta miƙe, ta fara rarrafe. Wannan dabara ba sankara ce ta ƙirƙiro ta ba: da ita ɗan tayi ke tsara gaɓoɓinsa, da ita kuma rauni ke haɗewa. Shi ya sa kashe ta gaba ɗaya da magani yake da wuya.

Daga nan sai huda tantanin. Ƙwayar takan fitar da 'yan tsinaye a jikinta, ta tara sinadaran MMP masu narkar da kolajin a bakinsu. An gwada magungunan toshe MMP, irin su marimastat, amma ba su ƙara wa marasa lafiya kwana ba, abin da ya nuna cewa ƙofar fita ba ɗaya ba ce.

Abin takaici, jiki da kansa yana ba da hannu. Idan iskar oksijin ta yi ƙaranci a tsakiyar ƙari, sai ya saki VEGF, wanda ke sa sababbin jijiyoyin jini su tsiro, masu rauni da yoyo. Makrofaj, ƙwayoyin garkuwar jiki da ya kamata su yi yaƙi, sukan saki EGF su ja ƙwayar sankara har bakin jijiya. Wasu ƙwayoyin kuma ta hanyoyin kaluluwa suke bi, dalilin da ya sa likita ke laluba hammata ke nan.

A cikin jini mafi yawan ƙwayoyin sankarar mutuwa suke yi. Kaɗan ne ke tsira, sau da yawa ta hanyar lulluɓe kansu da ƙwayoyin daskarar da jini.

Inda za su sauka ba sa'a ba ce kawai. A 1889 likitan Ingila Stephen Paget ya duba bayanan gawarwakin mata 735 da cutar ta kashe, ya kwatanta al'amarin da iri da ƙasa: iri ba ya tsirowa sai inda ƙasa ta karɓe shi. A 2001 aka nuna ɗaya daga cikin dalilan: ƙwayar sankara tana ɗauke da CXCR4, wanda ke bin sinadarin CXCL12, shi kuwa yana da yawa a ɓargo, huhu da hanta. A ƙashi, ƙwayar takan saki PTHrP, ya zuga ƙwayoyin da ke cin ƙashi; ƙashin da ya narke ya saki TGF-beta, shi kuma ya ƙara ciyar da sankarar. Daga nan ciwon baya mai naci da karaya ba tare da faɗuwa ba suke samo asali. Magungunan denosumab da zoledronat wannan zagaye suke katsewa.

Wasu ƙwayoyin sukan kwanta a ɓargo ba tare da hayayyafa ba, musamman a nau'in da ke rayuwa da sinadarin estrojin, har su farka bayan shekara goma ko ashirin. Saboda haka ne ake ba da maganin tamoksifen tsawon shekara 5 zuwa 10, ko da an cire ƙarin kuma mace tana jin garau.