Shawul ɗin Sanyi da Sabuwar Waya: Ki Fara da Ɗan Ƙyalle

Wata malamar firamare daga Tursa, a ƙaramar hukumar Rabah, ta aiko mini da saƙo a tsakiyar Oktoba. Ta ce: "Inna, gero ya shiga rumbu, mata sun fara tambayata kayan sanyi. Wata ta ba ni kafin alƙalami na shawul ɗin jariri, haihuwar tana Disamba. Bara na yi irinsa, saura kamu ɗaya ulu ya ƙare, na aika Sakkwato aka sawo wani, da na haɗa sai ga shawul kala biyu. Ga shi kuma na yi sabuwar waya, amma in na ɗauki saƙata na sa a WhatsApp, ja sai ya koma ruwan goro. Asabar da Lahadi kaɗai nake da su. Ta ina zan fara?"

Ɗiyata, wannan Asabar ɗin kada ki fara shawul. Na san hannu yana ƙaiƙayi idan an ga sabon ulu, ni ma haka nake. Amma ki ɗauki ƙulli ɗaya da kwarashi ki saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, santimita 10 tsawo, 10 faɗi, ko ya ɗan zarta, da irin adon da kike son yi wa shawul ɗin. Da shi za ki auna ulu, da shi kuma za ki koyi wayar.

Idan kin gama, ki matse shi a tafin hannu. In ya tsaya ƙiƙam kamar faifai, hannunki ya yi tsauri ko kwarashin ya yi ƙanƙanta. Ki dubi lambar da ke jikinsa, wurin da babban yatsa yake zama: idan mai 3 ne, ki gwada mai 4 ko 4.5. Safa da hula suna son matsi, shawul kuwa laushi yake so, don a naɗe jariri ba tare da ya goge masa wuya ba. Sai ki wanke ƙyallen da ruwan sanyi, ki shimfiɗa shi a inuwa ya bushe, ki sake aunawa. Wani ulun yakan saki jiki bayan wanki, wani yakan zubar da kala. Gara ki gani a ƙyalle da mai jego ta gani ranar suna.

Yanzu lissafin da ya ba ki kunya bara. Ki ƙirga ido nawa suka cika santimita 10 a ƙyallenki. In 16 ne, kuma kina son faɗin santimita 90, kin ga ido 144 za ki ɗora. Ki ɗora su, ki saƙa har ƙulli guda ya ƙare ƙarƙaf, ki auna. A ce ya ba ki tsawon santimita 12, alhali 96 kike nema: ƙulli 8 ke nan. Ki ƙara ɗaya na baki, ɗaya na ko-ta-kwana, ki sayi 10 a rana ɗaya, a wuri ɗaya. Wanda ya rage ba asara ba ne, hula da safa suna jiransa.

Dalilin sayen su tare shi ne rini. Duk wanda ya taɓa tsayawa a marina ya san zane biyu da aka tsoma a baba ranaku daban ba sa fitowa daidai, ko da marini ɗaya ne. Haka abin yake a masana'anta. Idan ulun yana da takarda a ɗamararsa, za ki ga lambar kala, a gefenta kuma wata lamba ta tukunyar da aka rina shi. Ta biyun nan ce ya kamata ta zo ɗaya a duk ƙullin da za ki ɗauka. Idan kuwa tsirara ake sayar da shi, kamar yadda aka fi samu a kasuwannin ƙauye, ki ce a buɗe miki ƙunshi guda, ki fito da su bakin rumfa ki jera a hasken rana. Ƙwan lantarki na cikin shago maƙaryaci ne. In ƙaddara ta sa dole sai kin haɗa ulun tukunya biyu, ki riƙa layi biyu da wannan, biyu da wancan, bambancin zai narke. Ko ki mai da sabon ya zama baki gaba ɗaya, kowa ya ɗauka ado ne.

Akwai wata magana da nake so ki faɗa wa kowace uwa da kika saƙa wa abu. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne. Ki yanki ɗan guntu ki kai shi bakin ashana: na gashi zai yi ƙaurin babbakar kai ya murmushe, na roba kuwa narkewa zai yi ya dunƙule baƙi da tauri. Ke da kike kusa da fadamar Rima kin san sanyin asubar Disamba da Janairu, daga gonakin albasar Wurno har bakin madatsar ruwan Goronyo, kin kuma san kaskon garwashi da ake shiga da shi ɗakin mai jego. Zaren roba in ya narke manne wa fata yake yi. A nisanta shawul da kasko, kada kuma a ɗora masa dutsen guga mai zafi. Ni na taɓa yin wannan wautar da hannuna, sati uku na saƙa, dutse ya zauna masa sau ɗaya ya bar tambarinsa yana sheƙi. A igiya ma kada a rataya shi jiƙe, nauyin ruwa zai ja shi ya zama gwado. A shimfiɗa a tabarma.

To, ranar Lahadi ta waya ce, kuma ƙyallen nan ne ɗalibinki. Kafin komai ki goge idon kyamarar da gefen mayafi mai laushi. Ƙurar hunturu da maiƙon yatsa su ne rabin hazon da ake ɗora wa Itel da Tecno laifinsa. Ki shiga saitin kyamara ki kashe walƙiya, ki kashe abin nan mai gyaran fuska, domin shi aikinsa shafe ƙuraje ne, kuma idon saƙa a wurinsa ƙuraje ne. Zai shafe miki adon da kika ɓata dare kina yi.

Batun ja da ke komawa ruwan goro, haske ne. Waya ba ta san kalar ulunki ba, cinta take yi daga hasken da ya faɗo masa. A ɗaki da ƙwan lantarki sai ta karkata zuwa rawaya, da fitilar sola ta karkata zuwa shuɗi, a tsakar rana kuma jan ya ƙone har ba a ganin ido ko ɗaya. Ki fito inuwar bango ko bakin ƙofa da hantsi, wajen ƙarfe 8 zuwa 9, ko bayan la'asar. Ki shimfiɗa farin zanen gado marar ado, don farin yana taimaka wa waya ta daidaita sauran kaloli. Ki guji rumfar shuɗin tamfol da jan labule, kalarsu tana zuba kan kaya. Ki taɓa saƙar a fuskar wayar har ta fito tar. A yawancin wayoyi wata 'yar alamar rana za ta bayyana, ki ja ta ƙasa kaɗan in ja ne ko fari. Sannan ki ɗora ƙyallen a gefen wayar ki kwatanta da idonki. Bai yi daidai ba? Ki matsa wani wuri ki sake. Inda ya dace, ki riƙe wurin da lokacin, ya zama shagon hotonki har ƙarshen sanyi.

Kada ki jawo hoto da yatsu biyu, ki matso da ƙafarki. Idan hasken yana zuwa daga gefe, tudu da kwarin saƙar za su fito, mai kallo ya ji kamar ya taɓa. Hoto uku sun isa kowane kaya: ɗaya na dukkansa daga sama, ɗaya na kusa, ɗaya da abin awo ko tafin hannunki a kai don a san girmansa. Jaririn mutane kuma ba allon talla ba ne. In kina son a ga yadda yake naɗuwa, ki naɗe matashin kai.

WhatsApp yana matse hoto don rage cin data, shi ya sa yake isa wa mutane dishi-dishi. Tun 2023 sun sa wani ɗan maɓalli mai rubutun HD a saman hoto kafin a tura. Da yake sabis a ƙauye sai a hankali, ki ajiye shi don wadda ta nuna da gaske take.

Ita kuwa mai kafin alƙalamin, in gari ɗaya kuke, hoto bai isa ba, domin fuskar wayarta ma tana iya nuna mata wata kala dabam. Ranar Litinin in an tashi daga makaranta ki biya gidanta da ƙyallen a jaka, ta taɓa, ta goga a kumatunta, ta ce ta yarda. Ki kuma duba minti nawa layi guda ya ci miki, ki ninka da yawan layukan, kafin ki yi mata alkawarin rana.