Yadda Ake Canza Sitatar Tsohon Babur

Kafin ka kashe kuɗi a kan sabuwar sitata, fara da batir, domin sau da yawa shi ne mai laifin. Sa mita a kansa: lafiyayyen batir yana nuna wajen volt 12.6. Danna maɓallin tayarwa kana kallo. In ya faɗi ƙasa da 10, batirin ya gaji. In bai faɗi ba amma "ƙas" kawai kake ji, sa babur a firi, ka haɗa manyan ƙusoshin rile guda biyu da sukundireba. Ta juya, rile ne ya mutu. Ta yi shiru, to sitatar ce.

Cire wayar batir ta negatif tukuna, kar wuta ta tashi. A injin irin CG 125 sitatar tana bayan silinda. Kwance notin wayarta da ƙusoshi biyun da suka riƙe ta, ka girgiza ka zaro.

Tafi da tsohuwar kasuwa ka ƙirga haƙoranta, don ba duka suke daidai ba, kuma mai shago zai ce maka duk ɗaya ne. Shafa ɗan bakin mai a robar wuyan sabuwar kafin ka tura ta ciki. Negatif ita ce ta ƙarshen ɗaurawa.