Awon Maganaɗisun Ƙasa da Rubuta Bayanan Fage

Ƙarfin maganaɗisun ƙasa a arewacin Nijeriya ya ɗara nanotesla 30,000, kuma dutse mai tama yakan sauya wannan adadi a inda yake kwance. Wannan sauyi shi ake bi a gano abin da ƙasa ta ɓoye a yanki irin na Jajaye, wajajen Ƙaraye da Rogo.

Mai awo yakan ja layuka daga kudu zuwa arewa, ya kafa turaku a tazara guda. Kafin ya ɗauki na'ura sai ya ajiye agogo da makullai da wayar hannu, domin ƙarfe na gurɓata awo.

A kowane turke wajibi ne ya rubuta:

1. lambar turke;
2. lokaci;
3. adadin da na'ura ta nuna;
4. abin da ke kusa, kamar kwanon rufi ko wayar lantarki.

Rubuta lokaci shi ne ginshiƙin aikin, saboda maganaɗisun yakan sauya cikin yini, musamman da tsakar rana. Don haka akan riƙa komawa turken farko a sake awo, a fitar da bambancin. Wanda ya manta da lokaci, wahalar yininsa ta tashi a banza.

Jinga: Tsara shafin bayanan fage mai gurabe huɗu, da Hausa.